Tela Da Littafin Awo

Akwai wani tela a birnin Zariya, shekarunsa sun ba 50 baya, wanda ya yi shekara 6 yana fama da ciwo a saman cikinsa, ta wajen dama, daidai ƙarƙashin haƙarƙari. In ya taso masa sai ya ji kamar ana murɗa shi da igiya, ya ratsa ta baya har kafaɗa. Wata rana ya yi rabin sa'a, wata rana ya kai sa'a 4, sa'an nan ya lafa kamar ba a yi ba.

Da fari kowa ya ce gyambon ciki ne. Ya sha kanwa, ya sha jiƙe-jiƙe iri iri har shekara 2, abin bai rabu da shi ba. Ran nan, bayan Babbar Salla, ya ci soyayyen nama kwana 3 a jere, sai ciwon ya tashi da zazzaɓi, yana ta makyarkyata. Ko da gari ya waye idanunsa sun yi rawaya, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, jiki kuwa sai ƙaiƙayi.

Wansa ya zo ya dube shi ya ce, "Wannan shawara ce. Kada wanda ya kai shi asibiti, mai shawara ba ya son allura."

Matar tela ta durƙusa ta ce, "Yaya, a gafarce ni. Shekara 2 ke nan muna jiƙo, ga inda ya kawo mu. A bari mu gwada can ɗin." Wan ya yi shiru, can ya ce a nemo mota.

Da aka auna jininsa, aka ɗauki hoton cikinsa, likita ya zana masa abin a takarda. Ya ce, "Baba, hanta ita ke yin ruwan ɗaci, wajen rabin lita ko fiye kowace rana. Matsarmama kuwa jaka ce da ke tara shi. In mutum ya ci abu mai maiƙo sai ta matse, ruwan ya bi wata siririyar hanya, kaurinta bai wuce na fensir ba, ya zuba cikin hanji don ya taimaka a narkar da mai. To, tsakuwa ce ta fito daga jakar ta toshe hanyar. Ruwan ya rasa mafita ya koma cikin jini, shi ne rawayar da ka gani. Ƙwayoyin cuta kuma sun taru a wurin, su suka kawo zazzaɓin."

Aka yi masa allurai, aka zura wani bututu mai fitila ta bakinsa aka ciro tsakuwar, daga baya aka cire matsarmamar. Amma fa hanyar ta daɗe tana kumburi har ta yi tabo ta tsuke. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce ciwon zai riƙa dawowa, sai a koyi zama da shi.

Wannan magana ta yi wa tela nauyi ƙwarai. Sai dai yana da wani abu guda a hannu, watau ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya iya rubutu. Ya ɗauko littafin da ya ke rubuta awon riguna, ya juya bayansa, ya shiga rubuta kwanan wata, da abin da ya ci, da lokacin da ciwon ya fara, da daɗewar da ya yi. Kafin wata 2 takarda ta nuna masa abin da bai taɓa lura ba. Ƙosai, da tsire, da man shanu a kan tuwo, su ne abokan gabarsa. Haka kuma in ya yini kan keke da yunwa, ya zo da dare ya cika ciki, ba ya kwana lafiya.

Sai ya sake tsari. Ya koma cin kaɗan kaɗan sau 5 a rana: kunu da safe, tuwo da miyar kuka mai ɗan mai, dafaffen kifi, gwanda. In ciwon ya zo, ya kan bar keke ya kwanta ta gefe, ya naɗe gwiwoyinsa, ya ɗora kwalbar ruwan ɗumi naɗe da ƙyalle, yana numfashi a hankali. Ya kan sha farasitamol gwargwadon yadda likita ya ƙayyade, ba ya ƙarawa, domin yawansa yana lalata hanta.

A bangon littafin kuwa ya rubuta abu 3 da manyan baƙaƙe: zazzaɓi da jin sanyi, rawayar ido, ciwon da ya wuce sa'a 6. Ya gaya wa iyalinsa in sun ga ɗaya daga cikinsu kada su jira asuba. Cikin shekara 4 sau 2 aka kai shi, kuma kowane karo ya komo gida da ƙafarsa.

Ba a ce bai yi hasara ba. Ya daina karɓar ɗinkin dare na Salla, wanda a da shi ne babbar ribarsa, ya bar wa yaransa. A wurin biki a kan yi masa ba'a in ya ture akushin nama, shi kuwa sai ya yi murmushi. A kan ce haƙuri maganin zaman duniya, amma tela ya gane haƙuri iri 2 ne. Akwai na kwanciya da kwalbar ruwan ɗumi, akwai kuma wanda kan kai mutum kushewa, littafinsa ne ya raba masa su.

Bara idanun wani maƙwabcinsu suka yi rawaya. Wan tela ne ya fara zuwa neman mota.