Zafin Da Ke Cikin Ɗakin Ƙarfe: Daga Maitama Zuwa Kwali

Ƙanena injiniya ne a wani kamfani mai kula da turakun sadarwa, kuma a watan Maris, zafin Abuja na kan ganiyarsa, ya yarda in bi shi zagaye. Muka tashi daga Maitama, ta gaban ginin hukumar sadarwa ta NCC, wadda ta yi gwanjon lasisin wayar salula a 2001, muka miƙe titin Kubwa. Cunkoson Zuba ya riƙe mu, muna hango Dutsen Zuma, kafin mu karya hanyar Lakwaja.

Turken da za mu duba yana bayan Kwali, garin Ladi Kwali mai tukwane, wadda hotonta ke jikin naira 20. Janareta na ta ruri. Maigadi ya buɗe mana wani tsohon ɗakin ƙarfe da ke gindin turken, ƙanena ya nuna wani akwati mai haƙarƙarin alminiyam.

"Yaya, ɗora hannunka nan."

Na ɗora, na janye ba shiri.

"To, dizal ka taɓa."

Amfilifaya ce, mai ƙara wa sigina ƙarfi kafin eriya ta watsa ta, kuma duk cikin kayan rediyon babu mai cin wuta kamarta. Irin ta da, in ta sha wuta kashi 100, abin da ke fita sigina bai cika kaiwa 20 ba. Sauran ya zama zafi, sannan esi ya sake shan wata wutar don ya kore shi. Asara biyu ke nan. Dalilin kuwa, siginar 3G da 4G ba ta tafiya bai ɗaya, jefi-jefi takan yi tsalle sama, dole amfilifaya ta zauna da shirin tsallen ko bai zo ba. Kamar mai hayar tirela kullum don buhu biyu ne, wai ko wata rana kaya za su cika ta.

Abin mamaki, maganin ya girmi salular kanta. A 1936 William Doherty na Bell Labs a Amurka ya fito da dabarar haɗa amfilifaya biyu don tashoshin rediyo: ɗaya na aiki kullum, ɗayar ba ta motsi sai sigina ta yi tsalle. Yanzu an ƙara mata kwamfuta mai lanƙwasa siginar tun kafin ta shiga, yadda za ta fito a miƙe, ga kuma sababbin tiransista na GaN masu jure zafi. Da haka abin da ke fita sigina yake kusantar rabi.

Ƙanena ya ɗaga min hannu sama. Can kusa da eriya, sababbin akwatunan ne manne da ƙarfe, iska ke sanyaya su, babu doguwar waya mai cinye ƙarfin sigina a hanya. Cikin dare, in kira ya ragu, wasu sassansu barci suke yi.

Da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, zancen duk na tsadar dizal da dala ne, sai kuma masu cewa a koma sola. A ganina an tsallake mataki, domin yawan faifan sola da batirin da turke ke buƙata, abin da waɗannan akwatuna ke ci ne ke yanke shi.

A hanyar dawowa, muna Gwagwalada aka kira ƙanena, wai wani turke ya ɗauke a Abaji. Ya sauke ni a tasha, ya juya.