Yakuwa a bayan ɗaki

A ƙasar Damagaram, tsakiyar damina ita ce lokacin wuya. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, kuɗin cefane sun ƙare. A lokacin ne ake gane uwargidan da ta shuka yakuwa a bayan ɗakinta. Ita ba ta aiken yaro gidan maƙwabta roƙon ganye. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Shukar ba ta da wahala. In ruwa ya zauna, a watan Yuni ko Yuli, sai a zuba taki, a haƙa rami marar zurfi, a sa ƙwaya 3 ko 4. A bar taku ɗaya tsakanin rami da rami. Yakuwa tana son rana, ba ta son wurin da ruwa ke kwanciya. Babbar abokiyar gabarta akuya ce, don haka sai an yi shinge da ƙaya.

Kafin wata 2 ganye ya isa tsinka. A tsinki kaɗan daga kowane gindi, kada a tsige shi duka. Da shi ake miya, ana kuma kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli. Abin da ya rage a shanya a inuwa, a ajiye don rani.

Da kaka fure yake fitowa. Kamar mako 3 bayan furen ya faɗi, sai a ɓare jan kwanson a shanya. Shi ne zoborodo, ana sha, ana kai shi kasuwar Dole a Zinder. Likitoci sun gano yana ɗan rage hawan jini, amma mai ciwon kada ya bar maganin asibiti. Ƙwayar kuma ana dafa ta a yi daddawar batso. Ragowar ganye na awaki ne.

Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta matsa wa noman rani, garake suka ƙaru wajen Mirriya da Matamai. Amma ba kowa ke da fadama ko rijiya ba. Yakuwa kuwa ruwan sama ya ishe ta.

A ware ƙwaya mai kyau tun ranar girbi, a adana ta cikin gora. Baɗi a canza mata wuri saboda ciwon saiwa.