Yawon Yara a Cikin Ganuwar Zazzau

Mu da muka tashi a birnin Zariya a farkon shekarun 1980 ba mu san wani wuri da ake biyan kuɗi a ƙofa don yaro ya shiga ya yi wasa ba. Garin ne gaba ɗaya filin wasan, kuma kowane lokaci na shekara da irin yawonsa. Iyayenmu mata suna kulle, ba sa fita sai bayan magariba, saboda haka abin da uwa take nema kawai shi ne wanda za ta damƙa wa hannun ɗanta. A gidanmu na Unguwar Kaura wannan aikin Yaya ne, babbar 'yar gidan, wadda ba ta wuce shekara 13 ba amma ta fi dogarin Sarki tsare gida. In hanya ta yi nisa, kakarmu da muke kira Iya ita ke shiga gaba.

Alhamis da Juma'a babu makarantar allo. Da an taso daga boko ranar Alhamis, aka ci abinci, rana ta yi sanyi, sai Yaya ta goya ƙaramar cikinmu mu nufi ganuwa, wajen Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kona. A lokacin akwai wuraren da ginin yake da tsayin da sai yaro ya yi rarrafe kafin ya kai samansa. Daga can kana hango rimaye sun yi wa gari rumfa, ga gonakin dawa a cikin birni kansa, ga rake a fadama, ga shanun Fulani suna komawa ruga. Mu maza mu shimfiɗa kwali mu zauna a kai mu sulalo ƙasa, wando ya yage, a sha faɗa da dare, mako mai zuwa a koma. A hanyar dawowa Yaya takan sa mu jera sunayen ƙofofi: Doka, Kibo, Tukur-Tukur, Kuyambana, Jatau, Gayan, Kona, Galadima, Bai. Wanda ya tsallake ɗaya ba shi da rabo a goruba. Labarin Sarauniya Amina kuwa a bakin Iya muka fara jin sa, tun kafin malamin tarihi ya rubuta mana ƙarni na 16 a allo.

Wuri ɗaya ne aka haramta mana, shi ne kududdufi. Birnin cike yake da su, domin daga nan aka ɗebi ƙasar da aka gina gidaje, kuma da damina sukan cika su batse. Manyan yara suna iyo a ciki, da yawansu kuma sun kwashi tsargiya, har wasu na alfahari da fitsarin jini wai alamar girma ce. Iya ba ta wasa da wannan magana. In ta ga jikinka ya yi furu-furu da yamma, sai ta kankare fatar hannunka da farce, in farin layi ya fito ta san inda ka je. A shekarar da na shiga aji uku ruwa ya ci wani yaro a unguwar da ke maƙwabtaka da mu, daga nan ko masu taurin kai suka ja baya na ɗan lokaci.

Ranar Juma'a ta Baba ce. Yakan riƙe hannuna mu tafi babban masallaci da ke ƙofar fada, in muka yi sa'a mu ga fitowar Sarki, mu ji kakaki da algaita. Cikin tsohon ginin ne ya fi ɗaukar hankalina. Nakan ɗaga kai ina kallon bakan gizon da aka ɗaure da azara da ƙasa, har Baba ya taɓa ni ya ce, "Kai, salla aka zo yi." Shi ya gaya mini cewa Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, da aka ce wani sashe na masallacin ya rufta kan masu sallar la'asar har an rasa rayuka, na daɗe zaune ban ce uffan ba. Allah Ya jiƙansu.

Da azumi ya kai kwana 10 sai tashe. Mu ƙanana aikinmu riƙe fitila da ƙwaryar karɓar hatsi, manya su liƙa gemun auduga su cusa tsumma a ciki su zama tsoho. 'Yan mata na yin Mairama da Daudu, suna kwaikwayon zaman aure da kishi har matan gida su riƙe ciki don dariya. Ga matan kulle wannan shi ne wasan kwaikwayon da ke biyo su har tsakar gida, kuma ladansa bai wuce kwabo ko tafin gero ba. In farin wata ya fito a sauran watanni, dandali ne: 'yan mata na gaɗa, maza na langa, waɗanda ba su isa ko ɗaya ba suna gindin Iya suna sauraron Gizo da Ƙoƙi har barci ya kwashe su.

Amma duk wannan share fage ne. Yawon da yaro ke ƙirga wa kwanaki shi ne na Salla. Tun ana saura mako ake zaryar gidan tela, 'yan mata su sha kitso da lalle, a soya alkaki da nakiya. Da safe a tafi Idi a Ƙofar Doka, daga nan kowa ya nemi wurin tsayawa. Iya ta san birnin ciki da bai, ba ta kai mu ƙofar fada inda ake turereniya. Takan tsayar da mu a dakalin wani gida da ke kan hanyar, wajen Babban Dodo, inda yaro zai ga komai ba tare da doki ya taka shi ba. Hakimai su wuce ɗaya bayan ɗaya, kowa da jama'arsa da makaɗansa, Iya na faɗa mana sarautar kowa da gidan da ya fito, wannan Bamalle ne, wancan na Barebari, ga na Katsinawa, ga na Sulluɓawa. Sai 'yan lifidi da 'yan sulke, sai ƙarar bindiga ta sa jarirai kuka, sannan laima ta bayyana. Sarki Shehu Idris, wanda ya hau gadon a 1975, shi ne Sarkin yarintarmu, ya kuma zama Sarkin yarintar 'ya'yanmu, domin sai a Satumban 2020 ya rasu bayan shekara 45 yana mulki. Kashegari Hawan Bariki, sannan Daushe, amma ƙananan cikinmu kafin nan sun gaji, sun koma lissafin sulallan barka da Salla.

A wata Babbar Salla ƙanwata ta ɓace a cikin taron. Ba ta fi shekara huɗu ba. Yaya ta saki hannunta don ta gyara goyo, ko da ta waiga babu ita. Yaya na kuka, ni ina kuka, Iya kuwa ko gezau. Ta ce, "Ku yi shiru, ɗa ba ya ɓata a Zariya." Kafin la'asar sai ga wata mai sayar da fura ta riƙo ta har ƙofar gida, bakinta duk nono. Ashe tambaya ɗaya ta yi mata: "'Yan mata, ke 'yar gidan wa ce?" Yarinya ta faɗi unguwa da sunan mai gida, domin tun muna koyon magana Iya ta sa muka haddace su. Baba ya miƙa wa matar goro da 'yan kuɗi, ta karɓi goron ta mayar da kuɗin, ta ce, "Haba Malam, ai ɗa na kowa ne."

Fita wajen ganuwa kuwa sai Kawu ya zo da Vespa ɗinsa. Shi ya kai mu tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari muka ga jirgin Legas zuwa Kano ya tsaya, shi ya tsayar da mu a bakin waya a Palladan muna kallon ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama, wadda aka kafa a 1964, suna tashi suna sauka. Dutsen Kufena na wajen Wusasa sai da muka ƙara wayo aka bar mu muka hau.

Yanzu ni ke riƙe hannun jikoki, kuma na rasa inda zan sake shi. Dandalin unguwarmu ya zama shaguna. Ganuwa an sare ta an yi bulo, wani wurin an gina gida a kanta, wani wurin ta zama juji. Lungun da muke gare-gare a cikinsa babura da A Daidaita Sahu sun ƙwace shi. Akwai wuraren lilo na kuɗi da ake kai yara da Salla, ban kuma raina su ba, jikokina na son su. Sai dai magidanci mai 'ya'ya shida da ke ɗinkin hula ko facin taya ba zai iya biya wa kowa ba, kuma yaro ba sau biyu a shekara yake bukatar wasa ba, kullum ne. A 2020, da annobar korona ta hana hawa, na ga yadda unguwa ta yi tsit da yara a ranar Salla, domin in aka cire hawan babu sauran abin da ya rage musu na kyauta.

Roƙona ga masu unguwanni, da fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli, da ƙaramar hukumar Zariya, shi ne a duba 'yan filayen da suka saura a cikin birni da gefen ganuwa tun ba a yanka su fuloti ba. A bar ko guda ɗaya a kowace unguwa, a share shi, a dasa itatuwa, a hana babur shiga.