Goyon da ba shi da zane

Bahaushe ya ari kalmar keke daga Yarabanci, amma da ya tashi ɗora mutum a bayansa, sai ya ce ya goya shi, kamar yadda uwa ke goya ɗanta. Bambancin kawai, goyon uwa yana da zane da majanyi, na keke kuwa babu abin da ke riƙe shi.

Wani uba a unguwar Birni ta Damagaram ya gane haka ranar da bai yi zato ba. Kullum da safe yakan naɗe tsumma bisa kariyar kekensa, ya ɗora ɗiyarsa mai shekara uku, ya kai ta makaranta. Rannan taya ta nutse cikin rairayi, keken ya karkace, diddigen yarinyar ya shiga tsakanin wayoyin taya. Ƙashi bai karye ba, amma ta yi sati biyu ba ta taka ƙasa ba.

Da dare uwar ta ce masa: "Malam, ni ban taɓa goya ta ban ɗaure ba."

Maganar ta tsaya masa a rai. Washegari ya shiga kasuwar Dole neman kujerar goyo. Ta gaba, wadda ake ɗaurawa kusa da kan keke, iyakarta kilo 15, yarinyar kuwa ta kai 14. Ta baya tana ɗaukar kilo 22. Ya ga wata ta roba, tsohuwa, rana ta ƙona ta har ta fara tsagewa, ya bar ta. Ya ga ta ƙarfe mai araha, ƙirar gida, amma ba ta da matakin ƙafa, wato daidai wurin da ciwon ya shigo.

A ƙarshe ya sayi ta ƙarfen, ya kai wa mai walda ya ƙara mata mataki biyu da shamaki tsakanin ƙafa da taya. Tela ya ɗinka matashi, don ƙarfe na ɗaukar zafin rana, da maɗaurin kafaɗa da na ƙafa. Kuɗin gyaran ya fi na kujerar.

Yanzu ko ya kafa keken da kyau, ba ya barin ta a kai ya juya baya. In ya manta maɗauri ɗaya kuwa, ita ke tuna masa: "Baba, ba ka ɗaure ni ba."