Abin da Za Ka Saurara a Hanyar Munich

Aminina,

Yaya sanyin Hamburg? Mu nan Kolon sai godiya.

Na samu saƙonka cewa in an yi hutun makaranta za ka kai iyali Munich da mota, kuma kana neman abin da zai taya ka hira a hanya. Tafiyar kusan kilomita 800 ba wasa ba ce. To ni shawarata, tunda titin Jamus za ka hau, saurari kiɗan da 'ya'yan ƙasar suka yi a shekarun 1970, wanda 'yan jaridar Ingila suka laƙaba wa suna Krautrock.

Ka fara da Neu!, ƙungiyar mutum biyu daga Düsseldorf, Klaus Dinger da Michael Rother, waɗanda suka bar ƙungiyar Kraftwerk a 1971. Faifansu na farko a nan Hamburg ɗinku aka ɗauke shi, ya fito a 1972. Abu na farko a cikinsa shi ne "Hallogallo", minti goma babu mai rera ko kalma ɗaya. Dinger yana buga ganga bugu ɗaya, ba sauri ba nawa, ba ya juyawa, ba ya yi mata ado, kamar luguden mata biyu da hannunsu ya saba da turmi ɗaya. A saman wannan bugu jitar Rother take yawo, ta zo kusa, ta yi nisa, ta dawo. Wallahi idan ka hau titin A7 ka saka shi, za ka ji mota da kiɗan sun zama abu guda. Abin da ya sa nake ƙaunarsa ke nan: ba ya fizgar hankalinka daga titi, kuma ba ya barin ka gyangyaɗi.

Kada ka ɗauka rashin gwaninta ne ya sa suka yi haka. Samarin nan sun taso bayan yaƙi ne, a ƙasar da iyayensu ba sa son a tuna musu abin da ya faru. Sun ƙi waƙoƙin soyayya masu zaƙi da ake sakawa a rediyo, sun kuma gaji da kwaikwayon Amurka da Ingila. Sai suka ce bari su fara daga tushe, su nemo nasu. Ni wannan ƙarfin hali yana burge ni ƙwarai.

Daga nan sai "Autobahn" na Kraftwerk, 1974. Da tayar da injin mota yake farawa, akwai hon, akwai ƙarar motoci suna wuce ka, ya yi ta tafiya fiye da minti 22. Yara za su so shi. Akwai wanda aka gutsure ya koma minti uku da wani abu saboda gidajen rediyo. Don Allah kada ka ɗauki wannan, nemi cikakken.

In rana ta take, jiki ya fara mutuwa, saka mutanen garinmu, Can, da aka kafa a nan Kolon a 1968. Nemi "Halleluhwah" a faifan Tago Mago na 1971, minti 18, ka saurari hannun makaɗinsu Jaki Liebezeit kawai. Mawaƙinsu na wancan lokacin Damo Suzuki ɗan Japan ne, kuma a Munich ɗin da za ka suka tsince shi a 1970 yana waƙa a bakin titi. A daren ranar ya hau dandamali tare da su.

Abu ɗaya zan hana ka: faifan Phaedra na ƙungiyar Tangerine Dream. Yana da daɗi matuƙa, amma babu ganga a ciki, lallashi yake yi, bai dace da mai tuƙin dare ba. Ajiye shi sai kun sauka.

Kuma don Allah, kada ganin wasu wuraren babu iyakar gudu ya ja ka. Tsaya a kan gudun kilomita 130 a awa da hukuma ta ba da shawara, ka riƙa tsayawa kuna sallah, kuna miƙe ƙafa.

Ka gaishe mini da maman yara. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. In kun isa ka kira ni, ina so in ji wanne yaran suka fi so.

Naka har kullum.