Wa Zai Raini 'Yar Raino?

A gidan Bahaushe na da, ba a zaman shawara kan wanda zai riƙe jariri. Yaro na tashi ne a tsakar gida mai hannaye da yawa: ga kaka, ga gwaggo, ga faccala da abokiyar zama, ga 'yan mata masu rububin goyo. Uwar ɗan fari ma kunya kan hana ta rungumar ɗanta a gaban mutane, sai wasu su ɗauke mata. Yau kuwa mun koma gidajen haya, daga ke sai mijinki, kowa da ƙofarsa a garƙame, aikin albashi kuma yana jiran mace da sassafe.

Dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta ba mai jego. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana samun mako 16, Jihar Kaduna kuma ta kai nata wata 6 a shekarar 2019. Likitoci da Hukumar Lafiya ta Duniya suna cewa a ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a haɗa masa. Ni a makarantar kuɗi nake koyarwa, wata 3 aka ba ni, saboda haka tun kafin na gama wankan jego na fara neman inda zan ajiye ɗana.

Mahaifiyata tana wani gari, ga hawan jini, kuma wadda ta raini mu tara ta cancanci hutu. Sai na zaga gidajen rainon yara guda uku. Fenti da zanen tsuntsaye a bango ba su dame ni ba. Abin da nake ƙirgawa shi ne jarirai nawa ke hannun mace ɗaya, ina ake wanke hannu bayan canza ƙunzugu, da kuma ko za a bar uwa ta shigo ba tare da sanarwa ba. Nonon da aka tatsa ba ya wuce kamar awa 4 a ɗaki, a zafinmu ma bai kai haka ba, don haka firijin da ba shi da wuta akwati ne kawai. A wani gidan na tarar da mace ɗaya da jarirai bakwai.

Daga nan 'yan'uwa suka ce in daina wahalar da kaina, in sa dillaliya ta kawo mini yarinya daga ƙauye. Ba ta da tsada, ba ta musu, sai yadda na yi da ita. Dillaliyar ta kawo ta, ta rantse shekararta 14, amma ko 11 ban ga alamar ta cika ba. Ta tsuguna a bakin ƙofa da 'yar ledar kayanta. Ba a hannunta za a riƙa sa albashin ba, dillaliya ce za ta kai wa iyayenta a tara mata na kayan ɗaki.

Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Amma ba dokar ce ta fara tsaya mini a rai ba. Sa'o'inta nake koyarwa kullum. Wato za ta goyi ɗana domin in je in karantar da 'ya'yan wasu, ita kuwa ko alli ba za ta taɓa ba. Sannan yarinyar da ita ma raino take bukata, yaya za ta gane maɗigar jariri ta faɗa saboda gudawa, ko ta san abin yi in ya ƙware? Ranar da tsautsayi ya auku, ita ce za ta sha duka. Na ce a mayar da ita. Na kuma san ba makaranta aka mayar da ita ba, domin kafin la'asar dillaliyar ta sama mata wani gida, iyayenta kuma da gaske suna bukatar kuɗin.

A ƙarshe wata dattijuwa ce a unguwarmu, wadda mijinta ya rasu, ta karɓi ɗan. Kusan kashi ɗaya cikin uku na albashina take ɗauka, har wasu na cewa na yi almubazzaranci. Ni ban ga haka ba. Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da Manzon Allah (SAW) ta raine shi, Alƙur'ani kuma a Suratul Baƙara da Suratuɗ Ɗalaƙ ya yi umarnin a biya mai shayarwa haƙƙinta. Muka yanke lada da lokacin tashi da ranakun hutu a gaban mijina da ɗanta.

Saɓaninmu ɗaya ne, ruwa. Da zafin bazara ya tsananta, kullum sai ta tare ni da cewa, "'Yar nan, ki ji tsoron Allah, yaron nan ƙishi yake ji." Ni kuma in ce, "Iya, ƙirga mini ƙunzugun da ya jiƙa yau." Takan ƙirga shida ko bakwai, ta yi ƙwafa, ta miƙo mini shi. Saura mako 3 ya cika wata 6, ta riga ta sayi ɗan kofinta ta ajiye.