Fitilar Da Muka Rufe Da Salatif

Yau ba labarin soyayya na zo maku da shi ba, labarin wata 'yar fitila ce da ba ta kai ƙwayar gyaɗa girma ba, amma saura ƙiris ta sa ni kukan da ba zan manta ba.

Shekarar da Allah ya yi wa masararmu albarka a nan Karfi, maigidana ya sayo Corolla 'yar Kwatano. Ba ta yi wata uku ba, ran nan muna dawowa daga biki sai na hangi wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a allon da ke bayan sitiyari, da zane kamar na injin.

Na ce, "Baban Ummi, wannan wutar fa? Jiya ban gan ta ba."

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai ki ji da littattafanki, ina ruwan mace da mota?"

Na ja bakina na yi shiru. Washegari ya kai ta wurin wani bakaniken bakin hanya, ya cire kan batir ya mayar, fitila ta mutu. Kwana biyu sai ga ta ta dawo. Da abin ya ishe su, sai bakaniken ya yanko baƙin salatif ya manne ta, wai ai duk motocin Kwatano haka suke. Mota ta fara shan mai kamar rijiya, da safe tana kakkarwa, ga shi tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda lita take. Amma tunda ido bai gani ba, sai muka ce lafiya lau.

Wani dare cikin damina zazzaɓi ya rufe Ummi har ta fara sanƙarewa. Muka ɗauke ta sai asibitin Malumfashi. Muna tsakiyar hanya mota ta shiga fizga, ya taka ta ƙi ja, ta gefen salatif ɗin kuwa ina hango fitilar nan tana ƙiftawa. Wallahi 'yar'uwa ban san sanda na fara salati da ƙarfi ba. Ga duhu, ga ruwa, ga ɗiya a cinyata idonta ya kakkafe. Da jan ciki muka isa. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba.

Da ta warware na ce ƙafata ƙafarsa sai mun ji ciwon motar nan. Muka je wani gareji a Funtuwa, wani saurayi ya ɗauko 'yar na'ura kamar wayar hannu ya soka a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari. Nan take ta rubuto P0302.

Ya ce, "Alhaji, silinda ta biyu ce ba ta ƙona mai daidai. Amma na'ura hanya kawai take nunawa, sai mun bincika."

Ya buɗe bonet ya musanya kwayil na biyu da na uku, ya sake gwadawa, sai lambar ta koma P0303. Ya ce to ga ɓarawon nan, kwayil ne ya mutu, ciwon ya bi shi. Ɗanyen man da bai ƙone ba kuma ya yi ta gangarawa salansa har ya lalata matatar hayaƙin nan da suke kira indomi, wadda kuɗinta ya ninka na kwayil sau da yawa.

Ni kuwa da yake matambayi ba ya ɓata, na tsare shi da tambaya. Ga abin da na riƙe, ke ma ki riƙe. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wannan kafa ta gwaji, Turai ta biyo baya a 2001 ga masu shan fetur, don haka yawancin motocin da ke hannunmu suna iya faɗin ciwonsu da kansu. In fitilar injin ta kama ta tsaya cak, ba a ce a yi tsaye a daji ba, amma a kai ta gwaji cikin kwanakin nan. Wani lokaci murfin tanki ne bai ɗauru ba, wani lokaci fulogi ne, ko gurɓataccen man 'yan bumburutu, ko ƙurar hunturu ta ɓata abin da ke auna iskar da injin ke shaƙa. In tana ƙiftawa, a rage gudu, a nemi gyara a ranar. In kuwa ja ce mai zanen buta, ta baƙin mai ke nan, ko mai nuna zafin injin, to a gangara gefe a kashe mota nan take, in ba haka ba injin ya tafi. Cire kan batir kuma goge rubutu ne kawai, ciwo na nan.

A hanyarmu ta komawa maigida ya yi shiru, can ya sa farce ya ɓanɓare salatif ɗin ya ce, "Maman Ummi, da na ji maganarki tun ran nan." Ban ce komai ba, don ni ma da laifina. Na gani, na faɗa sau ɗaya, aka yi mini dariya na haƙura.

To 'yar'uwa, fitilu nawa muke mannewa a gidajenmu? Mai ciki ƙafa ta kumbura, kai na sara, a ce ai haka ciki yake, alhali awo ya kamata ta je a duba hawan jini. Yaro ya daina cin abinci a ce haƙori ne. Ke da ’ya’yanki kuke zama cikin motar nan, don haka in kin ga alama ki faɗa cikin ladabi, in an yi dariya ki sake faɗa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya tsare mu da iyalanmu a gida da kan hanya, amin.